Muryar Auta a Durowar Safa

Mijina injiniyan kwamfuta ne, ƙaramar hukuma yake yi wa aiki a garin Largo na Amurka, kuma a ofishinsu da na'ura ta ɗan kwana biyu sai su ce ta tsufa su fitar da ita. Amma da Asabar ta zagayo, wannan mutumin da ke sallamar sabbin kwamfutoci duk mako shi ne zai tsaya a kaina da makullin mota, wai in shirya mu tafi neman wata da aka daina ƙerawa tun ina firamare. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Asabar ɗin da ba ni da aiki ba su da yawa, kuma kusan dukkansu a farkon aurenmu a shagunan tsofaffin kwamfutoci na ƙarar da su. Har yau abin yana ba ni haushi in na tuna.

Abin da yake nema wata 'yar baƙar aba ce da ba ta kai farantin shayi girma ba, madannanta na roba. Mahaifinsu, malamin jami'a a Zariya, shi ya zo musu da ita daga Ingila suna samari. Da talabijin ake jona ta. Ba ta riƙe komai a kanta, da an ɗauke wuta ta manta duk abin da aka koya mata, don haka a kaset ake adana aiki, irin kaset ɗin da muke jin waƙa da wa'azi. Idan ka sa irin wannan kaset a rikoda ba abin da za ka ji sai wata ƙara mai tsinka kunne, kamar injin markaɗe ya haɗiyi cokali.

Shi da ƙaninsa, autan gidansu, suka cinye wani dogon hutu suna koya wa abar nan wasan dara. Mijina bai taɓa ɓoyewa ba cewa kan na ƙanin ne, shi bugawa kawai yake yi. Ranar da wasan ya yi aiki, kafin su adana shi, sai autan ya jawo rikodar ya yi magana a farkon kaset ɗin, ya yi dariya, sannan suka saki ƙarar ta bi baya. Bayan nan mijina ya taho karatu nan Amurka, a College Park. Bai daɗe da zuwa ba mota ta kashe autan a hanyar Zariya zuwa Kano. A lokacin takardun mijina ba su zauna ba, in ya fita ba lallai ya dawo ba, sai bai je ba. Kwamfutar kuwa yaran gida suka ɓalle ta gunduwa-gunduwa. Kaset ɗin ne kaɗai ya tsira, don ya biyo shi a jaka cikin kaset-kaset na karatun Alƙur'ani, kuma tun da na san shi a durowar safansa yake, can ƙasa, cikin gidansa na roba da ya tsage.

Matsalar ita ce Amurka ba ta san wannan na'ura ba. Nasu daban ne, manya, masu launin madara. Ta Ingila wutarta ba irin ta nan ba ce, kuma talabijin ɗin nan ba ya nuna hotonta. Haka muka dinga yawo. Akwai wani shago a Virginia da mai shi ya saurari mijina har ƙarshe, sannan ya tambaye shi da gaske ko muna da lantarki a Afirka a wancan zamanin. Akwai wani a bayan wani gidan mai, inda mutumin ya ce ya taɓa ganin wani Bature yana tokare ƙofa da irinta. Duk wanda ya yi masa irin wannan sai mijina ya taya shi dariya, ya yi godiya, har ya sayi wata igiyar wuta da ba ya buƙata don kada ya fito hannu rabbana. Ni kuwa ina gefe ina tafasa.

Wanda muka fi zuwa yana kan hanyar Baltimore in ka wuce College Park, tsakanin wurin wankin kaya da wani mai sayar da soyayyar kaza. Sai ka sauka matakala. Tun daga saman za ka ji warin ƙura da robar da ta sha zafi. A ciki kantoci ne har rufi, cike da na'urorin da suka yi jajawur don tsufa, da faya-fayai a kwalaye, da wasanni cikin akwatunansu masu zanen dodanni da jiragen sama. Masu zuwa wurin kusan duk kala ɗaya ne, Turawa masu tumbi da furfura, wasu sun ɗaure gashi ta baya. Za ka ga ƙato ya ɗauki kwalin wasa da hannu biyu yana shafawa, wanda na tabbata bai taɓa ɗaukar ɗansa haka ba. Ni da mayafina nake samun wani mataccen talabijin in zauna a kai, su kuma su dinga satar kallona, suna jiran in tambayi hanyar wurin wanki.

Mai shagon wani dogon tsoho ne, siriri, ƙafafunsa a kumbure. Da idon aikina na ga zuciyarsa ba ta da sauran nisa, kuma ina jin shi ma ya sani, shi ya sa ba ya ɓata lokaci wajen lallashin kowa. Shi kaɗai ne a duk yawonmu ya san na'urar. Da mijina ya ba shi labarin kaset, bai ce Allah ya jiƙan rai ba ko irin abin da suke cewa, sai ya miƙo hannu.

"Kawo shi. In juya shi sau ɗaya cikin sabuwar kwamfuta, ka tafi da kwafi ko nawa kake so. Wasan ma zai buɗe maka a kan ta ofishinka, ba sai ka sami tsohuwar ba."

Mijina ya ce ya san da haka.

"To me kake jira?"

Ya ce zaren kaset ɗin ya tsufa, wataƙila juyi ɗaya ya rage masa, kuma yana son wannan juyin ya zama a kan na'urar gaske.

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau. "Juyi ɗaya ya rage, kuma ba za ka kashe shi wajen yin kwafi ba? Kai injiniya ne ko mai gadin kabari?"

Mijina ya yi dariyar nan tasa. A mota na ce masa tsohon ba shi da ladabi amma gaskiya ya faɗa. Na faɗa da ƙarfi, na maimaita, na haɗa da maganar Asabar ɗina da ke tafiya a banza. Da muka kusa gida ya gaya mini dalilinsa. Ya ce tun ranar da aka kira shi aka gaya masa rasuwar bai sake sa kaset ɗin ba. Ya ce ya tuna dariyar, amma maganar da autan ya yi kafin dariyar ta ɓace masa gaba ɗaya, ya yi ya yi ya tuno ya kasa.

"In zan ji shi, ina son in ji shi yadda muka yi. Abar tana gabana, hannuna a kan madannan, yana gama magana wasan ya buɗe."

Na gane tsoro yake ji, kuma na gane muddin ba a sami na'urar ba yana da dalilin da zai hana shi sauraro. Na ji tausayinsa, amma tausayin bai hana ni jin cewa wauta ce ba.

Mutanenmu ba su san da wannan ba, don bai gaya wa kowa ba. Abin da suka sani shi ne Injiniya yana yawon shagunan tarkace. A wurin suna ko cin abincin Sallah a Takoma Park, da ya shigo za a fara. "Ga ɗan gwangwan ya iso, ku ɓoye tukwanenku." Wani likita, wanda ba ya zama wuri bai sanar da kowa cewa ginin da yake yi a Abuja ya kai linta ba, ya taɓa ce masa a gaban jama'a, "Mutane sun zo Amurka suna kwasar gaba, kai ka zo kana tsintar bayan Turawa." Aka yi ta ƙyaƙyatawa. Matan kuma a kicin suna tambayata ko gidanmu akwai wurin taka ƙafa. Na iya ramawa, kuma na rama, amma shi sai dai ya taya su dariya.

Daga ƙarshe tsohon ya ce ya sami wani a Ingila da zai rabu da tasa. Sai dai za a jira ta iso, a nemo taransifoma, a nemo talabijin mai nuna irin hotonta, a canza wasu 'yan kayan ciki da suka bushe. Aka shiga watanni. Cikin wannan jiran na haihu. An hana mahaifiyata biza, aka ba tasa, don haka uwar miji ce ta zo mini jego.

Hajiya 'yar ƙaramar mace ce mai tsafta, ba ta ɗaga murya. Mijina shi ne ɗan farinta, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana durƙushe a gabanta za ta dube ni ta ce, "Ki ce wa mai gidan nan ɗakin ya yi sanyi." Wannan ba baƙon abu ba ne, ni ma haka kakata take yi wa babana. Amma na saba ganin irin wannan alkunyar da ƙauna a ƙarƙashinta, uwa tana kawar da kai tana kuma tura wa ɗanta tsoka mafi girma. Na duba ƙarƙashin ta Hajiya iya dubawata ban ga komai ba. Autanta kuwa ba ranar da ba ta ambatonsa. In jaririyar ta yi hamma, ta ce haka autan yake yi. In na dafa wake, shi ba ya ci.

Ba zan ce ba ta yi mini aiki ba. Ita ta tsaya a kaina na yi wankan jego a bahon Turawa da ruwan da sai da na yi kuka, ita ta dama mini kunun kanwa, kuma ba ta iya zama haka nan, ko wanki na fitar daga inji kafin in juya ta ninke ta kai kowanne mazauninsa. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne waya. Ta ce kati yana ƙarewa mutum bai gama gaisuwa ba, kuma 'yan'uwanta na ƙauye sai sun hau tudu kafin su ji. Ta zo da 'yar rikodarta mai batir, irin yadda aka saba tun da: ka zauna ka yi maganarka a tsanake a kaset, ka ba mai tafiya, can a taru a tsakar gida a saurara. Akwai wani ma'aikacin sashen Hausa na gidan rediyo da ke zaune a Takoma Park, zai je gida hutu, kowa yana ɗora masa saƙo. Hajiya ta ce in samo mata kaset. Na duba kantin magani, na duba babban kantin unguwarmu, duk sun daina sayarwa. Na ce ta bari zuwa ƙarshen mako. Ba ta sake tambayata ba, ni kuma na ɗauka ta haƙura.

A makon ne tsohon ya kira ya ce komai ya haɗu.

Ranar Asabar mijina ya yi aski, ya sa farar shadda da hula kamar mai zuwa Idi. Na ce masa, "Injiniya, ɗaurin aure za mu ko shagon ƙura?" Ya yi murmushi, hannunsa a kan aljihun gaban rigarsa inda ya sa kaset ɗin. Muka bar jaririya wurin Hajiya. Ya durƙusa ya ce za mu fita, ta ce mini in ce masa a dawo lafiya.

Tsohon ya share tebur guda, abin da ban taɓa gani ba a shagon. Labari ya zaga, 'yan tumbin nan sun taru su ga baƙuwar na'ura daga Ingila da wasan da aka rubuta a Afirka. Ga ta nan a tsakiya, ƙarama fiye da yadda nake zato, igiyoyi sun fita daga jikinta zuwa taransifoma da talabijin da wata tsohuwar rikoda. Aka kunna. Fuskar talabijin ta yi fari, wani ɗan rubutu ya fito a ƙasa. Mijina ya zauna. Ya ɗora yatsunsa a kan madannan roban, suka buga umarnin da kansu ba tare da ya yi tunani ba, har shi ma ya yi mamaki ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da na haihu.

Ya miƙa kaset ɗin. Tsohon ya zare shi daga gidansa, ya juya, ya duba gefensa na sama, sai ya tsaya.

"Wa ya cusa auduga a nan?"

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan. A saman kaset akwai 'yan ramuka, in ka ɓalle marfinsu rikoda ba za ta yarda ta ɗauki sabon abu a kai ba. Kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san maganin hakan, ka cusa takarda ko wani abu a ramin, shi ke nan ta yarda. Na leƙa. Auduga ce fara sol, an murza ta an tura da kyau a ramukan biyu, irin wadda nake goge wa jaririya cibiya da ita. Mijina bai ji tambayar ba ko kuma bai so ya ji ba, ya karɓi kaset ɗin ya sa da kansa ya danna.

Aka ji shuuu na ɗan lokaci. Sannan aka ji gyaran murya.

"Assalamu alaikum. To, ni ce. Ina gaida kowa da kowa, ina gaida Yaya, ina gaida mutanen gidan gabas, da fatan an yi girbi lafiya."

Muryar Hajiya ta cika shagon, a nutse, ba gaggawa. Ta gaida mutane ɗaya bayan ɗaya har da jikoki. Ta ce ta sauka lafiya, ƙasar ba laifi sai dai mutum yana kulle kamar kaza. Ta ce yarinyar da aka haifa tana da lafiya. Ta ce matar gidan tana da ƙoƙari amma bakinta ya fi hannunta, kuma da wani gari na kwali take tuƙa tuwo. Ta ce shi kuma wancan, an ce babban ma'aikaci ne, amma duk Asabar sai ya tafi tsintar ƙarafa a bola.

Turawan suna ta murmushi. Ɗaya ya matso kusa da ni ya ce, "Wannan ne gabatarwar wasan? Me take cewa?" Wani ya ce ai muryar tana da daɗi, kamar addu'a. Mijina yana zaune, yatsunsa har yanzu a kan madannan, yana kallon farin talabijin da ke jiran ƙarar da ba za ta zo ba.

Tsohon ne ya miƙa hannu ya tsayar. Ya tura gaba, ya saki: Hajiya tana bayanin yadda za a raba turamen da ta aika. Ya sake turawa: Hajiya tana yi wa wata jikarta faɗa a kan miji. Ya juya ɗaya gefen, nan ma ita ce. Ta cika shi fal. Sai can dab da ƙarshen gefen farko, bayan ta yi sallama rikodarta ta yi ƙwas, aka ji ƙarar nan ta tsage, tsawon numfashi biyu ko uku, zaren ya ƙare. Layuka suka yi rawa a gefen talabijin suka ɓace.

"Wutsiya ce babu kai," in ji tsohon. "Ba abin da za a yi da ita." Ya zare kaset ɗin ya ajiye a gaban mijina. "Na gaya maka. Tun ranar farko na gaya maka."

Na ce masa da Turanci ya ji tsoron Allah ya rufe bakinsa. Ya dube ni ba tare da fushi ba ya ce shi bai goge komai ba, kuma ya ga irin mijina da yawa, masu ajiye abu har ya ruɓe don suna ganin kallonsa ma ɓarna ne. Kafin in sami abin da zan mayar masa, ɗaya daga cikin masu tumbin ya sunkuyo ya tambayi mijina, a hankali kamar mai ta'aziyya, ko tunda haka ta faru zai sayar masa da na'urar.

A mota na yi ta neman abin faɗa. Na ce wataƙila Hajiya ba ta sani ba. Tsohuwa ce, ta tsinci kaset cikin safa, ta sa ta ji ƙara, ta ɗauka lalatacce ne. Na ce kowa ma zai iya yin haka.

Bai ɗauke ido daga titi ba. Ya ce, "Muryarsa ce a farko. In ta danna don ta ji ko akwai wani abu a kai, shi za ta fara ji."

Haka muka ƙarasa Largo.

Mun tarar da Hajiya a falo kan dardumarta, ta miƙe ƙafafu ta kwantar da jaririyar a kai tana jijjigawa. Rana tana shigowa ta taga. Mijina ya cire takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan yadda ya saba, ya gaishe ta. Sannan ya fito da kaset ɗin ya ajiye a bakin dardumar.

Ta dube shi, kaset ɗin nake nufi, ta dube ni. "Dama shi nake nema tun safe. Na mayar da shi inda na ɗauka don kada ya ɓata. Ki ce masa ya kai wa mai tafiyar nan yau, an ce kada a wuce la'asar, zai ɗaure kaya."

An koya mini yadda ake magana da uwar miji, kuma har ranar ban taɓa saɓawa ba. Amma ranar na kasa haƙuri. Na ce, "Hajiya, kin san abin da ke kan kaset ɗin nan kafin ki yi magana a kai?"

"Na sani."

Ba ta daina jijjiga ƙafarta ba.

"Na sa don in ji ko da komai a kai, sai na ji ɗana. Na mayar na sake ji. Na sake. Har batir ya yi sanyi na canza wani. Shekara da shekaru ina roƙon Allah ko a mafarki ya jiyar da ni muryar yaron nan, ashe tana nan cikin safa. Wani ya ɗauke ta ya tsallaka teku da ita ya zauna a kai. Bai zo ya kama makara ba, bai zuba ƙasa ba, bai kuma taɓa cewa ga abin da ya rage miki ba."

Na ce, "To ai sai ki riƙe, Hajiya. Ki tafi da shi gida. Don me za ki goge?"

Ta dafa ƙirjinta. "Ni na ji. Yana nan. Ba na buƙatar roba."

"Shi fa?"

"Shi ai yana da shi tuntuni. Bai so ji ba."

Na tsani matar nan a wannan lokacin, tsana ta gaske, irin wadda ban taɓa yi wa kowa ba. Abin da ya ƙara ƙona ni shi ne na rasa ta inda zan ce ta yi ƙarya. Na juya wurin mijina ina jiran ya tashi, ya yi ihu, ya fasa wani abu, ko da kofi ne. Yana nan durƙushe cikin farar shaddarsa, kansa a ƙasa, ƙurar shagon a gwiwar hannunsa.

Sai ya yi abin da ban taɓa ji ya yi ba tun da na shigo gidansu. Ya yi mata magana kai tsaye, ba gaisuwa ba, ba sallama ba, da wata murya ƙarama da ban san yana da ita ba.

"Hajiya, me ya ce?"

Ta tsayar da ƙafarta. Na ɗauka za ta dube shi. Na rantse na ga wuyanta ya fara juyawa. Amma ni ta duba.

"Ki ce masa ya tambaye shi in sun haɗu."

Ta ɗago jaririyar ta miƙo mini, ta ce a canza mata, ta jiƙe. Na karɓa don ba ni da abin yi da hannuwana.

Mijina ya ce, "To, Hajiya." Ya ɗauki kaset ɗin, ya mayar da shi cikin tsagaggen gidansa, ya ɗauki makullin mota ya fita, don Takoma Park da ɗan nisa kuma la'asar ta kusa.